Shawarar bakwaini ba a auna ta da ido

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan shawarar bakwaini kam, ido yakan yi kuskure, kuma kuskuren yana da tsada.

Kusan 8 cikin 10 na jariran da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 sukan yi shawara a makonsu na farko. Jajayen ƙwayoyin jinin jariri suna saurin mutuwa, su bar wani sinadari ruwan ɗorawa mai suna bilirubin. Hanta ce ke da aikin fitar da shi, hantar bakwaini kuwa ba ta gama ƙwari ba. Idan ya taru ya yi yawa sai ya haura ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har abada. Adadin da cikakken jariri zai jure yana iya illata bakwaini.

Dubawa tana da amfaninta. A fito da jariri inda hasken rana yake, a tuɓe shi, a danna yatsa a goshi ko karan hanci, a ɗaga, a ga launin wurin. A duba farin ido da dasashi, domin baƙar fata tana ɓoye shawara. Tun 1969 likita Kramer ya nuna cewa launin yakan faro daga fuska ya gangaro ƙirji da ciki. In ya kai tafin hannu da tafin ƙafa, abin ya yi nisa. Matsalarmu ita ce ɗakin mai jego: labule a sauke, jariri a naɗe cikin zani, wani ba a ganin fatarsa sosai sai ranar suna.

Hukunci dai na gwajin jini ne. Akwai na'urar da ake ɗorawa a goshi ko ƙirji, amma ga jaririn da aka haifa kafin ciki ya kai mako 35, jini aka fi dogara da shi. Likita yakan haɗa sakamakon da makonnin cikin da kuma awannin da jaririn ya yi a duniya, sannan ya san ko za a sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila ko sai an sauya masa jini. Da zarar an kunna fitilar, fata takan washe alhali sinadarin yana nan cikin jini, don haka ake maimaita gwajin.

Jiƙe-jiƙe da ruwan gulukos ba sa maganin shawara, shanya bakwaini a rana kuma haɗari ne. A nisanta kafur daga kayansa, yana farfasa jinin wasu jariran. Idan shawara ta bayyana a ranar haihuwa, ko jariri ya ƙi kama nono, ko yana banƙarewa da kuka mai tsini, ko kashinsa ya yi fari, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira suna.