Ilimin 'Ya Mace: Gadon Nana Asma'u

Har yanzu akwai masu ɗaukar karatun 'ya'ya mata a matsayin baƙon abu da Turawa suka zo da shi. Tarihin ƙasar Hausa bai goyi bayansu ba. Tun kafin jihadin 1804, mata suna halartar wa'azin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma a littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta mayar da wannan kira aiki. Ta wallafa waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, sannan ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa. Jajin kan jagoranci mata daga ƙauyuka zuwa wurin Nana, su haddace darussa cikin waƙa, su koma su karantar da matan da ke cikin gidaje. Da haka ilimi ya isa inda malami namiji ba ya shiga.

Amfanin wannan a bayyane yake a yau. Macen da ta yi karatu ta san sadakinta nata ne, ta san rabonta a gado, ba mai cinye mata haƙƙi da sunan addini. Tana zuwa awon ciki, tana kai 'ya'yanta rigakafi, tana karanta takarda kafin ta sa hannu. In tana sana'a, ita ke riƙe lissafinta. Abin mamaki, magidanci zai dage sai likita mace ce za ta duba iyalinsa, alhali ya cire tasa 'yar daga makaranta tun tana firamare. To 'yar wa za ta zama likitar?

Haka abin yake a harkar mulki. Matan Arewacin Nijeriya ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba. Amma ƙuri'a ba ta cika amfani ga wadda ba ta san abin da take zaɓa ba.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro, mace ko namiji, karatun shekara 9 kyauta. Talla da talauci da aurar da yarinya kafin ta kammala karatu suna hana dokar aiki, ga kuma fargabar da satar ɗalibai a Chibok a 2014 da Jangebe a 2021 ta jefa a zukatan iyaye.

Tsaron makarantu da samar da malamai mata nauyin gwamnati ne. Sauran yana wuyanmu. Iyaye, ku bar 'ya'yanku mata su kammala karatu. Mazaje, wanda ya auri ɗaliba ya cika alkawarin barinta ta ci gaba. Allah Ya sa mu dace.