Masu Maimaita Kallon Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa a Amurka

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani irin wasan kwaikwayo wanda ake haɗa zance da waƙa da rawa a cikinsa, ana yinsa a gaban jama'a a kan dakali. Idan wasa ya yi farin jini a babban birni, sai a kafa ƙungiya ta biyu, ko ta uku, a tura su suna zaga garuruwa, su yi mako ɗaya nan, wata ɗaya can. Daga cikin masu kallo kuwa akan sami waɗansu da ba su ƙoshi da gani ɗaya. Suna komawa sau da yawa, har su bi 'yan wasan daga gari zuwa gari. Labarin wasan da ake kira Rent shi ne ya fi bayyana halin waɗannan mutane.

Jonathan Larson ne ya tsara shi, ya ɗauko tushen labarin daga La Bohème, wasan Puccini mutumin Italiya, na shekarar 1896. Labarin samari ne matalauta a birnin Niyu Yok, waɗanda kuɗin haya ya gagare su, cutar ƙanjamau kuma tana ɗaukar abokansu. Larson ya rasu a ranar 25 ga Janairu 1996, yana da shekara 35, a ranar da za a fara nuna wasan ga jama'a. A watan Afrilu na wannan shekara aka kai shi gidan wasa na Nederlander a Broadway, inda ya zauna har Satumba 2008, aka yi shi sau 5,123.

Masu gudanar da wasan suka lura cewa irin mutanen da labarin yake magana a kansu ba su da halin sayen tikiti. Saboda haka suka ware kujeru 34 a layuka biyu na gaba, ana sayar da kowace dala 20, sa'a biyu kafin a fara, wanda ya riga zuwa shi ne da rabo. Nan da nan ɗalibai suka fara kwana a bakin ƙofa da barguna. Aka laƙaba musu suna Rentheads, watau waɗanda Rent ya shiga kansu. Da kwanan titi ya zama abin tsoro ga lafiyarsu, sai aka koma jefa ƙuri'a a 1997. Ƙungiyar yawo ta farko ta tashi daga Boston a ƙarshen 1996, ta biyu kuma daga Kalifoniya a 1997, aka kuwa tafi da al'adar kujeru masu araha zuwa sauran garuruwa.

To, me yake mai da mutum ga wasan da ya riga ya haddace? Dalili na farko shi ne, wasan dakali ba kamar majigi yake ba. Akan yi shi sau takwas a mako, muryar ɗan adam kuwa ba ta fita iri ɗaya kullum. Wanda ya san wasan ciki da waje shi ne yake jin inda mawaƙi ya ja murya yau, ya sassauta gobe. Na biyu, kowane babban ɗan wasa yana da na'ibi mai tsaya masa ran da ya gaza, su kuwa masoya suna ɗokin ganin yadda na'ibi zai ɗauki matsayin. Na uku shi ne zumunci. Wanda aka kwana da shi cikin sanyi ana jiran tikiti ya zama aboki, har ya kasance rabin abin da ake zuwa nema yana waje, ba a cikin zaure ba. Ga wanda cutar ta ɗauke masa wani nasa kuwa, zaman kallon ya kan zama kamar zaman makoki.

Al'amarin bai rasa aibi ba. Kuɗin mota da na masauki suna cin aljihun ɗalibi, mai zargi kuwa ya ce sabo turken wawa. Har wa yau, idan fuskoki ɗaya ne suke cika layin gaba kullum, baƙon da aka yi rangwamen dominsa ya rasa wuri. Ƙuri'a ta rage wannan, domin ta daidaita mai iya kwana a titi da wanda aiki ya hana.

Amma fa masu wasan sun amfana ƙwarai, gama waɗannan masoya su ne suke kai labari garin da ƙungiya ba ta isa ba tukuna, su kuma jawo 'yan'uwa da abokai. Dabarar ƙuri'ar ma ba ta tsaya ga Rent ba, ta bazu zuwa wasanni da yawa. Jeffrey Seller, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ya sake yin ta a 2015 ga wasan Hamilton, inda aka sayar da kujerun gaba dala 10.