Hajiya, ba lasifikarki ce ta lalace ba

Duk wanda ya ratsa kasuwar Katako ko Babbar Kasuwar Yamai ya san ƙananan lasifikokin nan masu maimaita farashin kaya tun safe har la'asar. Da yawansu muryar tsagewa take yi kamar tsohon kaset. Wata hajiya mai atamfa ta same ni a gidan rediyo da kukanta: ta biya an ɗaukar mata talla, ta sake lasifika har sau biyu, abin bai gyaru ba.

To, ga inda matsalar take. Kwamfuta auna murya take yi, sau 44.100 cikin daƙiƙa guda idan irin na faifan CD ne. Kamar mai duba ruwan kogin Isa ne safe da yamma: in ruwa ya taso da rana ya koma, bai shiga littafinsa ba. Haka murya ke haure iyaka tsakanin awo biyu. Allon mai haɗa talla na nuna lafiya lau, sai an mai da ita MP3 ko an turo ta WhatsApp, sannan ta fashe.

Tun 2006 hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fito da ma'aunin da ke ninka awon sau huɗu don kama wannan tsalle. A 2010 ƙungiyar gidajen rediyon Turai ta ce a riƙa barin tazarar desibel ɗaya ƙasa da iyaka. Mu nan kuwa, cika ƙara ake yi har maƙil don mai kaya ya ji daɗi, ni ma na taɓa yi.

Kafin ki biya, ki ce a rage ƙarar kaɗan, ki saurari tallar a lasifikar da za ki ajiye a rumfa.