Harisa: Dakan Barkonon Mutanen Tunisiya

Yau mun nufi gaɓar Bahar Rum, ƙasar Tunisiya, inda ake wani dakan barkono da sunansa ya kai kunnen duniya.

Duk wanda ya shiga garin Nabul a ƙarshen lokacin zafi, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne ja a kan fari. Bangayen gidajen garin farare ne tas, a jikinsu kuma an rataye dogayen igiyoyin jan barkono, an shirya su a zare ɗaya bayan ɗaya kamar carbi. Wasu a bakin ƙofa, wasu a saman soro, wasu a gaban shagunan masu kayan ƙamshi. Nabul yana kan zirin ƙasar da ake kira Kap Bon, a arewa maso gabashin Tunisiya, kuma a bakin mutanen ƙasar, nan ne gidan harisa.

Sunan ya fito ne daga kalmar Larabci harasa, wato ya daka, ya farfasa. Shi ya sa alhazan da suka ci wani faten alkama da nama a Saudiyya mai suna haris za su ji sunan bai yi musu baƙo ba. Tushen kalmar ɗaya ne, abincin ne daban. Harisar Tunisiya markaɗen barkono ce mai kauri, ja wur, da tafarnuwa da gishiri da kayan ƙamshi, a lulluɓe da man zaitun.

Barkono kansa baƙo ne a Afirka. Asalinsa nahiyar Amurka, kuma sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 jiragen Sifaniya da na Fotugal suka fara tsallako da shi. A 1535 Sarki Charles na Biyar, mai mulkin Sifaniya, ya ci birnin Tunis da yaƙi, Sifaniyawa suka yi ta kai-komo a wurin har zuwa 1574, lokacin da Daular Usmaniyya ta kore su. Masana tarihi da dama na ganin a tsakanin nan ne barkono ya shiga gonakin ƙasar. Daga 1609 kuma sai ga Musulmin Andalus da aka kora daga Sifaniya, dubbansu suka sauka a Tunisiya, suka raya garuruwa irin su Sulaiman a Kap Bon da Tastur a kwarin kogin Majarda. Gwanayen noman rani ne, sun iya sarrafa ruwa, kuma lambunan da suka kafa suka ba barkono wurin zama.

A yau ana nomansa a Kap Bon, da Sidi Buzid, da Gabes a kudu, da kuma Ƙairawan, garin da duk almajirin da ya karanta Risala ya san sunansa saboda mawallafinta, Ibn Abi Zaid Alƙairawani. Irin da ya fi suna shi ne baƙluti, wanda ya samo sunansa daga garin Baƙalta na gaɓar teku. Dogo ne, mai tsoka, kuma zafinsa na hankali ne. Akwai ma'aunin zafin barkono da wani masanin haɗa magunguna Ba'amurke, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912. A kan wannan ma'auni baƙluti bai wuce 'yan dubbai ba, alhali dangin attarugu na haura dubu ɗari. A nan ne masu gwada harisa a gida suka fi yin kuskure: su ɗebo barkono mafi zafi a kasuwa, su markaɗe, su ce sun yi harisa. Abin da ake nema a harisa shi ne ɗanɗanon barkonon da ya sha rana, mai ɗan zaƙi da ɗan ɗaci, zafin kuma ya biyo baya a hankali. Wanda ba shi da baƙluti, busasshen tattasai da shambo sun fi kusa da shi, kashi biyu na tattasai, ɗaya na shambo.

A gidajen Tunisiya yin harisa na cikin wata al'ada da suke kira aula, wato tanadin abincin shekara. A lokacin zafi ake murza kuskus a shanya, a daka kayan ƙamshi, a busar da barkono, a cika tuluna. Aikin mata ne, kuma na gayya: uwa da 'ya'yanta mata, da surukai, da maƙwabta, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, hira na tafiya hannu na aiki. Yau a gidan wannan, gobe a gidan waccan. A irin wannan zama ne yarinya ke koyon abin da ba a rubuta mata a takarda ba, kamar yadda ake gane barkonon da ya bushe daidai: ya yi duhun ja, ya yi sheƙi, yana lanƙwasuwa kaɗan ba tare da ya zama gari a hannu ba.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne gyara. Kowane barkono sai an cire masa hanci, an tsaga shi, an kakkaɓe 'ya'yan. Mutane da yawa sun ɗauka a cikin 'ya'yan zafin yake. Sinadarin da ke kawo zafin, wanda ake kira kapsaisin, ya fi taruwa ne a farar jijiyar da 'ya'yan ke manne da ita. Ana zubar da 'ya'yan ne saboda ba sa dakuwa, suna sa harisa ta yi tsakuwa-tsakuwa a baki, su kuma kawo ɗaci mara daɗi. Mai son ta da sauƙi sai ta kankare jijiyar ma. Kuma duk mai wannan aiki ta sa safar hannu ko ta shafa mai a yatsunta, ta kiyayi idonta, domin kapsaisin ba ya narkewa a ruwa. Wankin hannu da ruwa zalla ba ya fitar da shi, sai da sabulu. Dalilin ke nan ma da ya sa wanda barkono ya kama wa baki, madara ko nono sun fi yi masa magani a kan kofin ruwa.

Bayan gyara sai wanki, sai jiƙo. Giram 100 na busasshen barkono ya isa ƙaramin gida. A zuba masa ruwan zafi, ba mai tafasa a kan wuta ba, a rufe, a bar shi kamar minti 30 har ya yi laushi. Sannan a tsame, a matse shi sosai. Wannan matsi shi ne rabin aikin. Ruwan da ya saura a jikin barkono shi ne zai jawo fumfuna bayan 'yan kwanaki, shi ne kuma zai mai da harisa ta zama miya.

Kayan ƙamshinta biyu ne ginshiƙai: 'ya'yan kusbara, da wasu 'yan siraran 'ya'ya masu lanƙwasa da Larabawa ke kira karwiya. Karwiya ita ce ƙamshin da ke gaya wa ɗan Tunisiya cewa wannan ta gida ce. Cokalin shayi ɗaya na kowanne, a ɗan gasa su a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, a sauke tun kafin su yi baƙi, a daka. Wasu gidajen na ƙara wani kayan ƙamshi mai suna kamun, wasu busasshen na'ana'a. Tafarnuwa ƙwaya biyar ko shida, a daka ta da gishiri cokalin shayi ɗaya cike, sannan a riƙa zuba barkonon kaɗan-kaɗan ana kirɓawa.

Turmin tagulla ko na dutse aka gada, daga baya aka koma wa injin niƙa nama na hannu, wanda har yanzu shi ne a gidaje da yawa. Ana zuba barkonon a juya, a sake mayarwa sau biyu ko uku. Injin markaɗe na lantarki yana yi, amma yana da halin neman ruwa kafin ya juya, kuma mai ba shi ruwa ta ɓata aikinta. Idan ya tsaya, mai za a ba shi. Harisar da ta yi kyau, in aka ɗebo ta da cokali aka kifa, ba ta zubowa nan take.

Man zaitun na shiga sau biyu. Babban cokali uku a cikin kwaɓin, sannan bayan an danna harisar a cikin busasshiyar kwalba mai faɗin baki, an shafe samanta, a tsiyaya wani man har ya rufe ta ruf. Man nan shi ne murfin da ke hana iska taɓa ta. Duk lokacin da aka ɗiba, da busasshen cokali mai tsafta, sai a sake shafewa a ƙara mai. Wurin ajiyarta firiji, kuma kada a bar ta ta daɗe ba a ci ba, domin ɗanyar tafarnuwa da ta kwana a mai cikin ɗaki mai zafi na iya haifar da guba mai haɗari wadda hanci ba ya jin warinta. Mai son ta daɗe sai ta rarraba ta ƙanana ta sa a ƙanƙara.

Tumatir fa? A Turai da Amurka ana sayar da kwalabe masu sunan harisa da tumatir a ciki, ko gasasshen tattasai, ko ruwan tsami, har da furen wardi. Ɗan Tunisiya zai ɗanɗana, ya girgiza kai. A 2011 hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da ƙa'idar harisar gwangwani ta yankin, kuma kayan da ta lissafa su ne barkono, tafarnuwa, kusbara, karwiya da gishiri. Ita ta gwangwani da ɗanyen barkono ake yin ta, a dafa a kaurara, shi ya sa launinta ya fi haske. Wadda ta fi shahara ita ce Le Phare du Cap Bon, mai rawayan gwangwani da hoton hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, wadda ta bi 'yan ci-ranin Tunisiya har kantunan Faransa. Tana da amfaninta ga matafiyi da ɗalibi. Sai dai wadda aka daka da busasshen barkono, wadda suke kira harisa arbi, ta fi ta duhu, ta fi ta nauyi a harshe, kuma bambancin ba ya ɓuya ko ga baƙo.

Kudancin ƙasar na da tasa hanyar. A Gabes ana yin hrus, inda ake yanka albasa a cuɗe ta da gishiri a ajiye har ta saki ruwanta ta yi laushi, sannan a haɗa ta da garin barkono da kayan ƙamshi.

Ranar 1 ga Disamba, 2022, a taronta na birnin Rabat a Maroko, hukumar UNESCO ta saka harisa cikin jerin al'adun gado na bil Adama, da sunan Tunisiya. Abin da aka karrama shi ne sanin yadda ake yi da al'adun da ke kewaye da shi: zaman matan a tsakar gida, da kalandar manoma wadda ta ware ranakun da ba a shuka barkono, da ɗabi'ar rataye shi a jikin masaƙa, har da ƙera siffarsa da murjani don kore sharri.

A gidan abinci a Tunis, tun kafin baƙo ya faɗi abin da yake so, za a ajiye masa ƙaramin faranti: harisa a tsakiya, man zaitun ya kewaye ta, 'ya'yan zaitun da ɗan kifin tuna a gefe, da kwandon burodi. Ana sa ta a romon kuskus, da cikin tsiran nan na hanji mai suna margez, da ojja, wato ƙwai da ake fasawa a miyar tumatir. Amma inda ta fi nuna kanta shi ne lablabi, karin kumallon ma'aikata a lokacin sanyi. Mai shago zai miƙa wa mutum kwanon ƙasa da burodin jiya, ya zauna ya gutsuttsura shi da hannunsa, ya mayar. Sai a kwarara masa romon wani zagayayyen wake da Larabawa ke kira hummus, a barbaɗa kamun, a fasa ƙwai mai ruwa-ruwa, a tsiyaya man zaitun, a ɗora harisa cokali ɗaya, ko biyu ga wanda ya ɗaga yatsu biyu. Da cokali biyu ake cakuɗa shi, ɗaya a kowane hannu, har burodin ya shanye romon, kwanon ya koma ja.