BAƘIN MAI: WANDA YA DACE DA BABBAR MOTA, DA LOKACIN JUYE SHI

Ran nan da aka zo yi wa babbar motar makarantarmu juye, sai waɗansunmu muka tsaya a bakin gareji muna kallo. Makaniki ya kwance notin da ke ƙarƙashin inji, sai ga mai yana kwarara cikin daro, baƙi ƙirin kamar tawada. Nan da nan gardama ta tashi. Wani ya ce, "Dubi baƙinsa, ai wannan mai ya daɗe da mutuwa." Wani kuma ya dangwala yatsa cikin sabon da za a zuba, ya murza, ya ce, "Wannan kuwa ruwa ne tsululu. Da ni ne, wanda ya fi kauri zan saya." Makaniki ya yi dariya, ya ce, "Samari, ku duka biyu kallon kitse ku ke yi wa rogo."

Da muka koma muka duba littafin motar, muka yi tambaya ga waɗanda suka san inji, sai muka tarar maganarsa gaskiya ce. Ido da yatsa ba su isa su yi wa mai alƙalanci ba. Abin da ke yi masa alƙalanci shi ne lambobin da ke jikin galan, da lissafin aikin da mota ta yi. Mun ga ya kamata mu bayyana wa 'yan'uwa wannan, gama da yawa cikinmu wata rana za a damƙa musu amanar motar makaranta ko ta ofis, waɗansu kuwa dukiyar gidansu duka mota ɗaya ce. In tirela ta ɗauko shanu daga kasuwar Potiskum za ta Legas, injinta ya buga a tsakiyar daji, hasarar ba ta tsayawa ga inji. Ta kan kai ga dabbobi, da abincin direba, da na yaron mota.

Aikin da mai ke yi

Injin babbar mota ya kan juya wajen sau 1,500 zuwa 2,000 cikin minti ɗaya, ƙarfe yana gudu kusa da ƙarfe. Abin da ke raba su shi ne ɗan shafen mai wanda bai kai kaurin silin gashi ba. In wannan shafe ya yanke, ko da na ɗan lokaci ne, sai ƙarafa su ci juna, su yi zafi, su manne. Wannan shi a ke cewa inji ya buga.

Ban da sulɓi, mai yana da waɗansu ayyuka huɗu. Yana kwashe zafi daga ƙarƙashin fistin, inda ruwan lagireto ba ya kaiwa. Yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin zoben fistin da bangon silinda, don kada ƙarfin wuta ya zurare. Yana wanke dauɗa, ya riƙe ta cikin jikinsa. Sa'an nan yana kare ƙarfe daga tsatsa. Saboda haka ba mai zalla a ke zubawa cikin galan ba. A kan gauraya shi da magunguna iri iri, waɗanda su kan kai har kashi ɗaya cikin biyar na abin da muka saya. Waɗannan magunguna ƙarewa su ke yi da aiki, ƙarewarsu kuwa ita ce babban dalilin juye.

Lamba ta farko: kauri

Kowa ya san halin man ja. Da sanyin hunturu ya kan daskare, in aka ɗora a wuta kuwa sai ya koma kamar ruwa. Baƙin mai ma haka ya ke, ko da ya ke bai kai man ja ba. Don haka wata ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, wadda a ke kira SAE, ta fara tsara lambobin kaurin mai a shekarar 1911. In an rubuta SAE 40, ana nufin kaurin man sa'ad da zafinsa ya kai digiri 100, watau zafin tafasar ruwa, gama kusa da nan ne mai ke aiki cikin inji.

Bayan 1950 aka fito da mai mai lamba biyu, kamar 15W-40. Harafin W farkon sunan lokacin sanyi ne da Turanci. Lambar da ke gabansa tana nuna yadda man ke gudana da sanyi, iyakar ƙanƙantarta iyakar saurin gudunsa. Lambar baya kuwa ita ce kaurinsa da zafi. To, a nan ne abokinmu mai murza yatsa ya yi kuskure. In ka taɓa 15W-40 da SAE 40 a inuwa, na farko zai yi maka kamar ya fi ruwa. Amma in inji ya yi zafi, kaurinsu ɗaya ne. Bambancin da ke akwai shi ne da asuba, musamman a wurare kamar Jos cikin watan Janairu, mai lamba biyu ya fi saurin hawa ya kai ga sassan sama. Sashe babba na cin da inji ke yi kuwa a wannan ɗan lokaci na tashi ya ke faruwa, kafin mai ya gama zagawa.

Galibin manyan motoci masu shan gas da ke kan hanyoyinmu 15W-40 littattafansu ke nema. Waɗansu sababbi su kan nemi 10W-40 ko abin da ya fi shi ruwa. Wanda ya zuba man da ya fi ƙa'ida kauri ya ƙara wa inji nauyi, ya ƙara shan gas, ya jinkirta zagawar mai, garin neman ƙiba ya samo rama. Gaskiya ne tsohon inji mai shan mai ya kan rage sha in an zuba masa 20W-50, amma wannan rufa cuta ne, ba magani ba. Man giya kuwa, mai lamba 90 ko 140, ma'auninsa dabam ne, magungunansa dabam, kada a kuskura a zuba shi cikin inji.

Lamba ta biyu: daraja

Kauri kaɗai bai isa ba. A jikin galan akwai haruffa API, sunan wata cibiyar masu harkar mai ta Amurka, biye da waɗansu haruffa biyu. In na farkonsu S ne, man na injin fetur ne. In C ne, na injin gas ne. Harafi na biyu yana nuna daraja, iyakar nisansa cikin abacada iyakar sabuntarsa. CH-4 ya fito a 1998, CI-4 a 2002, CJ-4 a 2006, CK-4 kuwa a 2016. Motocin da aka ƙera a Turai, kamar DAF da MAN da Mercedes, littattafansu su kan ambaci ma'aunin ACEA, inda harafin E ke nufin manyan injunan gas, kamar E7.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. A zuba darajar da littafin mota ya faɗa, ko wadda ta fi ta, kada a sauko ƙasa. Injin gas yana haifar da baƙin hayaƙi mai yawa, man injin fetur kuwa ba a ba shi isasshen maganin riƙe shi ba. Sababbin motocin da aka sa wa matatar hayaƙi a salansa su kuma suna bukatar mai marar toka da yawa, irin CJ-4 ko CK-4, in ba haka ba matatar ta toshe.

Sai a lura da inda a ke saye. Akwai masu tace tsohon mai, su zuba cikin galan mai kyan gani. Ga ido ba shi da aibi, amma magungunansa sun ƙare tun tuni. A sayi galan wanda hatimin murfinsa bai karye ba, daga hannun dillalin da aka sani. Araha ba ta ado, balle a kan abin da ke riƙe da ran inji.

Baƙi ba shi ne mutuwa ba

Yanzu mu koma ga abokinmu na farko. Man injin gas ya kan yi baƙi cikin 'yan kwanaki kaɗan bayan juye, wani lokaci ma tun a tafiyar farko. Wannan alama ce yana aikinsa, ya kwashe baƙin hayaƙi ya riƙe, bai bar shi ya kwanta a kan ƙarfe ba. Saboda haka launi ba ya gaya mana ko mai ya mutu ko yana da sauran rai. Abubuwan da ke kashe shi ba a ganinsu da ido.

Na ɗaya ƙura. Ƙurar hunturu, wadda da yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, da ƙurar hanyar da ba kwalta, yashi ne mai laushi ƙwarai. In ta wuce matatar iska ta shiga mai, sai ta riƙa wasa zobe da silinda kamar dutsen wasa wuƙa. Na biyu zafi. A Sakkwato da Maiduguri zafin bazara ya kan wuce digiri 40, ga lodi fiye da kima, ga hawan tudu, sai mai ya dahu ya yi danƙo. Na uku farar wuta da ke cikin gas. In ta ƙone ta gamu da tururi, sai ta zama ɗan'uwan ruwan batir, mai cin ƙarfe, maganin da ke cikin mai ne ke kashe kaifinta har shi ma ya ƙare. A Turai tun 2009 ba a yarda farar wuta ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A Nijeriya kuwa tsohuwar ƙa'ida ta yarda da 3,000, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Wanda ke shan gas a bakin hanya, wanda bai san asalinsa ba, gara ya ɗauka farar wutarsa da yawa. Na huɗu barin inji yana aiki mota na tsaye, a tasha ko a layin lodi. Agogon kilomita ba ya motsi, amma mai yana tsufa. Waɗansu masu ƙera motoci su kan lissafa awa ɗaya ta irin wannan tsayuwa daidai da tafiyar kilomita 40.

To, yaushe za a juye?

Amsa ta farko tana cikin littafin mota. Amma a lura, galibin littattafan nan adadi biyu su ke bayarwa, ɗaya na aiki mai sauƙi, ɗaya na aiki mai wuya, na biyun kuwa ya kan zama wajen rabin na farko. Sabuwar mota mai doguwar tafiya a kan kwalta a Turai, da gas mai tsabta, ana iya ba ta kilomita 60,000 ko fiye. Wanda ya ɗauko wannan adadi ya ɗora wa tsohuwar mota mai jigilar hatsi daga kasuwannin ƙauye ya cuci kansa. Duk abubuwa huɗun da muka lissafa a sama su ne ma'anar aiki mai wuya, su ne kuwa aikin motocinmu na yau da kullum.

In littafi ya ɓace, kamar yadda ya kan faru ga motar da ta bi hannu da yawa, a nemi adadin wurin wakilan kamfanin. Kafin a samu, abin da ba a yin nadama a kansa shi ne kada tsohon inji mai doguwar tafiya ya wuce kilomita 10,000, watau wajen zuwa Legas daga Kano da komowa sau biyar. Mai aiki cikin ƙura kuwa a rage masa zuwa rabi. Tifa, da duk motar da ke yawan aiki a wuri ɗaya, da awa a ke lissafa musu, awa 250 ita ce sananniyar ƙa'ida. Motar da ba ta yawan fita ma, kamar ta makarantarmu, kada manta ya shekara a ciki, gama tururi yana taruwa ko tana ajiye. Ƙari kuma ba ya tsayawa maimakon juye. Wanda ya zuba ruwa mai kyau cikin randa mai laka bai wanke randa ba.

Ran juye a fitar da mai inji yana da ɗumi, don dauɗa ta biyo shi. A sake matatar mai ko wane juye, a duba matatar iska. Babbar mota ta kan ci lita 30 zuwa 40, kuɗi ne masu yawa, amma ba su kama ƙafar kuɗin gyaran inji ba. Tsohon man kuwa kada a zubar kusa da rijiya ko gona, kada kuma a bar shi ya daɗe a fata, gama yana da guba.

Aikin ko wace safiya

Kafin a tashi inji, mota tana tsaye a wuri mai daidai, a zaro geji, a goge, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin zane biyu. In ya gaza, inji zai yi ƙishi, in ya wuce kuma sai ya yi kumfa. A nan ne ido da hanci ke da amfani. In mai ya koma launin shayi da madara, ruwa ya shiga. In yana ƙaruwa da kansa, yana warin gas, gas ke zuba ciki. In ana ganin ƙyalƙyali, ƙarfe ne ke ci. Ko wanne cikin ukun nan, gareji za a nufa, ba hanya ba. In kuwa jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a ratse a kashe inji nan take, kada a ce bari mu kai gari.

Abu na ƙarshe shi ne littafi. A ajiye ɗan littafi cikin mota, a rubuta ranar juye, da kilomita, da lambobin man da aka zuba, da yawan ƙarin da aka yi. Direba ya kan sake, mantuwa kuwa halin ɗan Adam ce, amma rubutu ba ya mantuwa. Mu da mu ke koyon aikin alƙalami, wannan ita ce gudummawar da za mu iya ba direba da makaniki. Tun daga ranar gardamar nan mun sa irin wannan littafi cikin motar makarantarmu, wanda ya so ganin yadda aka ja layukansa sai ya tambayi direba.