Babur mai hawan duwatsu

A ƙasar Ingila akwai wani wasan babur wanda ba gudu ake ba. Sannu-sannu ake bin duwatsu da laka da rafi. Wanda ya sa ƙafa ƙasa, a rubuta masa laifi.

Baburan gari ba su iya wannan aiki. Bututun hayaƙinsu yana ƙasa, dutse guda ya isa ya lotsa shi. Shi ya sa maƙera suka ɗaga bututun sama, suka bi da shi gefen inji har kusa da sirdi. Ko an faɗa rafi, ruwa ba ya shiga.

Cikin shekarun 1950 kamfanin Greeves ya zo da dabarar da ta fi ban mamaki. Ƙashin babur na gaba ba ƙarfe ba ne, sanholo aka narka aka zuba, yadda maƙeranmu ke zuba tukunya. Ga ƙarfi, ga rashin nauyi.

A 1965 Sammy Miller ya ci gasar kwana shida ta Sikotlan bisa Bultaco, ƙaramin babur na Sifen. Daga nan mahaya suka fara jingine manyan baburan Ingila masu nauyi.