3.4 Kaurara Ruwan Nono Domin Jarirai Masu Matsalar Haɗiya

A wannan sashe za a yi bayani a kan dabarar kaurara ruwan nono, da dalilin yin ta, da kuma haɗarin da ke tattare da ita.

Shan nono aiki ne da ya ƙunshi abubuwa uku a tare, wato tsotsa da haɗiya da numfashi. Jariri ba ya iya daidaita waɗannan abubuwa sai wajen mako na 34 na ciki. Saboda haka ne ake yawan samun matsalar haɗiya ga bakwaini, da jaririn da ya sami lahani a ƙwaƙwalwa, da wanda aka haifa da tsagaggiyar ganɗa. Irin wannan jariri yakan ƙware, nono ya bi ta hanyar iska ya sauka cikin huhu, wanda kan jawo ciwon huhu. Wani ma ko tari ba ya yi, don haka likita kan ɗauki hoton maƙogwaronsa yayin da yake haɗiya kafin ya yanke shawara.

Hikimar kaurarawa ita ce, abu mai kauri ba ya gangarawa da sauri, sai maƙogwaro ya sami damar rufe hanyar iska. Sai dai ruwan nono ya bambanta da madarar gwangwani, domin yana ɗauke da wani sinadari mai suna amiles, mai narkar da sitaci. Idan aka dama garin shinkafa ko na masara a cikin nonon da aka tatsa, ba da jimawa ba zai tsinke, kamar yadda kunu ke tsinkewa idan aka zuba masa garin tsiro. Ke nan uwa za ta ɗauka nonon na da kauri, alhali ya koma ruwa.

Wannan ya sa aka koma ga sinadarai dangin ƙaro, waɗanda amiles ba ya narkarwa. Su ma ba su rasa illa ba. A shekarar 2011 hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi kan bai wa bakwaini SimplyThick, wanda aka yi da ƙaron zantan, saboda cutar ruɓewar hanji. A 2012 ta faɗaɗa gargaɗin ga dukkan jarirai, bayan an sami 22 da suka kamu, 7 daga cikinsu suka rasu. Wanda ake yi da ƙwayar karob kuwa, ba a bai wa jaririn da bai cika mako 42 ba, idan aka haɗa da makonnin ciki.

Dangane da awon kauri, tsarin IDDSI ya kasa abin sha zuwa mataki 0 har 4. Ana cika sirinji da mililita 10, a bar shi ya zuba na daƙiƙa 10. Idan mililita 1 zuwa 4 ta rage, mataki na 1 ke nan. Idan kaurin ya yi yawa, jariri kan gaji da tsotsa, ya rame, ko ya sami taurin bayan gida.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa kaurara nono magani ne da likita ke tsarawa, kuma galibi sai an fara gwada kwantar da jariri ta gefe, da rage gudun nono a bulumboti, da ba shi hutu a tsakanin tsotsa.